Ranar Da Na Kulle Kulu A Ɗaki

Zuwa ga ɗiyata, yayar su Bello,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, kin fara sabawa da ruwan Gusau da abincinsu. Allah ya tsare mini ke inda idona bai kai ba, ya tsare waɗanda kike zaune da su. Labarin gida kina jin shi a waya, ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a bakin buhun shinkafar da kawunki ya kawo miki. Kin san yadda muke ni da ke. Ke ce ta fari, ko sunanki ba na kira, in muka zauna ɗaki ɗaya maganarmu ba ta wuce ta tuwo da wanki. Ranar da za ki tafi na kira ki don in gaya miki abin nan, kika zo kika durƙusa, sai na ji bakina ya yi nauyi, na ce ki miƙo mini tsintsiya.

Ranar da kika kira Bello ta bidiyo kina zagayawa da waya kina nuna masa ɗakin da kuka kama ke da abokiyar karatunki, ina bayansa ina tankaɗe kamar ba ruwana. Ina kallo. Ku kuna yaba labule da ledar ƙasa. Ni kuwa abin da na gani shi ne ƙarfe a taga, tukunyar gas a gefen katifa, da hita rataye a ƙusa. Tun ranar abinci bai ƙara yi mini daɗi ba.

Kin san tabon da ke hannuna na dama, wanda kuke shafawa kuna yara. Kin kuma san Inna Kulu ta Bukkuyum, aminiyata, wadda ba a jin maganarta sai an matsa kusa da bakinta, mai tarin nan da ba ya ƙarewa. An ce muku gobara ce, aka tsaya nan. Rana ɗaya muka samu abinmu ni da ita, a ɗaki ɗaya, kuma shekarunmu a lokacin kamar naki na yanzu.

Muna shekarar ƙarshe a makarantar horon malamai aka tura mu Anka gwajin koyarwa. Ni 'yar Gummi, kafin nan ban taɓa zama inda babu babba a kaina ba. Muka kama ɗaki a gidan wani ɗan kasuwa, ɗakin da ke jikin zaure, ƙofarsa tana kallon lungu. Taga ɗaya gare shi, da ƙarfe a gicciye. Muka shimfiɗa katifun soso a ƙasa, muka jera akwatunanmu, ga kwalin littattafai, ga risho, ga bokitin roba. Kakanki ya sayo mini kwaɗo irin mai nauyin nan, ya auna shi a tafin hannunsa ya ce ɓarawon da zai karya wannan ba a haife shi ba. Na yi ta alfahari da kwaɗon nan.

Kulu ɗiyar malamai ce, ta sauke Alƙur'ani tun tana ƙarama. Ke ba ki san muryarta ba, kuma ba ni da yadda zan kwatanta miki. In tana karanta wa ƙananan yara darasi, manyan da ke ajin gefe sukan bar surutu su saurara. Duk wanda ya gan mu ya san ita ce malamar gaske, ni ina bin bayanta ne.

Wata safiya ta tashi da masassara, jikinta zafi rau. Na ce ta zauna, zan gaya wa hedimasta. Na ɗebo ruwa a bokiti, na jefa hita, na jona na kunna don ta samu na wanka. Ruwan bai ko yi ɗumi ba aka ɗauke wuta. Na yi tsaki, na zaro hitar daga ruwa na ɗora ta a kan kwalin littattafai, na kunna risho na ɗumama mata a tukunya. Da na gama na kashe risho, har na koma na sake dubawa, domin shi nake tsoro, shi nake ganin harshen wutarsa da idona. Hitar kuwa tana nan jone a bango, makunninta a kunne. A tunanina abin da babu wuta a cikinsa ya mutu.

Ɗiyata, bai mutu ba, jira yake. Masu ɗauke wuta ba sa sallama in za su mayar da ita. Sukan kawo ta kina aji, kina masallaci, kina barci. Saboda haka da zarar an ɗauke, kafin ki yi tsaki, kafin ki nemi fitila, ki tashi ki zare duk abin da ke jone: hita, dutsen guga, abin dafa ruwa, har cajar waya. Kashe makunni bai ishe ni ba, ki zare wayar daga bango ki gan ta a hannunki. Hitar nan da na gani a ƙusa, da so samu ne ki bayar da ita. In kin ƙi, kada ki jona ta ki bar wurin, ko da leƙa maƙwabciya ne.

Da zan fita, Kulu ta sha magani ta ja bargo. Sakatar ƙofarmu ta ciki ta lalace tun da muka shiga, kullum muna cewa za mu kira kafinta. Ta ce, “Balki, ja ƙofar ki sa mini kwaɗo ta waje. Yaran gidan ga ba su barina in runtsa.”

Na ce, “In kina son fita fa?”

Ta ce, “Ina za ni da wanga jiki? Ki dai dawo da wuri.”

Na ja ƙofa, na datse kwaɗo, na jefa mabuɗi a jaka. Har na ji daɗi a raina, ina ganin na kyautata mata.

Hantsi ya yi ina ofishin hedimasta, sai fankar sama ta motsa ta fara juyawa. Na ce masa, “Yau an tuna da mu.” Ya yi dariya. Na gyara tsayuwa a ƙarƙashinta ina shan iska. A duk abin da ya faru ranar, tsayuwar nan ce ta fi ci mini rai. Fanka tana juyawa bisa kaina, hita tana yin ja a kan kwali kusa da ƙafar Kulu, ni kuwa ko kusa abin bai faɗo mini ba. Na koma aji na ci gaba da koyar da lissafi.

Ina rubutu a allo na ji ana ihu a filin makaranta. Malam Isa ne, mai facin da ke bakin lungunmu, ya shigo da keke ko birki bai taka ba, yana cewa, “Ina malamar Gummi? Ina mai mabuɗi?” Na fito da alli a hannu. Ya ce, “Ɗakinku na hayaƙi, kuma akwai mutum ciki!”

Ban san lokacin da na zubar da takalma ba. Na yi nisa da gudu sannan na tuna mabuɗin yana jaka, jakar tana kan tebur a aji. Na tsaya tsakiyar hanya, na juya baya, na juyo gaba. Malam Isa ya ce in wuce, shi zai koma ya ɗauko. Na wuce hannu wofi.

Tun daga bakin lungu na ji warin, irin na roba in tana ci. Hayaƙi baƙi ƙirin yana fita ta taga da ƙarƙashin ƙofa. Mutane sun cika wurin, kowa yana magana. Ta cikin hayaƙin na ga hannuwan Kulu biyu sun fito ta tsakanin ƙarafan taga, suna buɗewa suna rufewa. Fuskarta ban gan ta ba. Tana kiran sunana, muryar tana yankewa. Na kama hannunta na ce ga ni, ga ni, alhali ba ni da komai. Maza suna dukan kwaɗo da dutse, wani ya kawo taɓarya, kwaɗon ko gezau. Mata suna miƙo bokitai ta kan katanga, wani dattijo yana hana a watsa, yana cewa a fara cire fis daga mita kada wutar lantarki ta ja mutane. Kowa na tambaya, “Wa ke da mabuɗi?” Suna juyowa suna dubana.

Sai na ji hannunta ya yi laushi a cikin nawa, ya zame ya koma ciki.

Wani mahauci ne, ana kiransa Ɗanjuma, ya zo da gatarin sara ƙashi. Bai taɓa kwaɗon ba, katakon da aka kafa shi a jiki ya sara har ya tsage. Da ƙofar ta buɗe iska ta shiga, wutar ta yi wani irin gurnani ta tashi har rufi, mutane suka ja da baya. Shi kuwa ya tsoma buhu a ruwa ya rufa a kansa, ya kwanta rub da ciki ya ja jiki ya shiga. Ni ina ganin shi ma ya tafi ke nan. Can sai ga ƙafafunsa suna fitowa da baya, yana jan Kulu ta idon sawu. Allah ya ji ƙan Ɗanjuma, ya rasu tuni, ban taɓa sallah na manta da shi ba.

Kada ki taɓa kulle mutum a ɗaki ta waje. Ko ya roƙe ki, ko barci yake, ko shagon bakin titi za ki je ki dawo. Ke ma kada ki yarda a kulle ki. In sakata ta lalace, ranar za a gyara ta, ba gobe ba. In kun kulle ta ciki, mabuɗin ya kwana a jikin ƙofa ko a ƙusa kusa da ita, inda hannu zai same shi ko ido bai gani, ba cikin jaka ba, ba ƙarƙashin tarin kaya ba.

Daga baya Kulu ta ba ni labarin yadda ta yi a ciki. Tari ne ya tashe ta. Ta miƙe tsaye, ta je ƙofa ta yi ta duka, ta koma taga ta yi ta ihu, kuma duk ihun da ta yi sai ta ja hayaƙin nan mai zafi ya cika mata ƙirji. Wutar ba ta taɓa jikinta sosai ba, tafin hannunta kawai ƙarfe ya ƙona. Hayaƙi ne ya kayar da ita. Shi hayaƙi sama yake taruwa, 'yar iskar da ta rage tana ƙasa. Abin da mahaucin nan ya sani ke nan, mu da muke makaranta ba wanda ya taɓa gaya mana. In Allah ya jarrabe ki, kada ya sa, ki faɗi ƙasa ki rarrafa, ki toshe hanci da tsumma, mai jiƙa in akwai. Katifar soso in ta kama, hayaƙinta guba ne, ba a tsayawa kashe ta. A fita kawai, a ja ƙofa a baya, a yi ihun gobara da sunanta don maƙwabta su san abin da suke gudu.

Aka kwantar da Kulu a gindin wata darbejiya ana yi mata fifita. Da na ga ƙirjinta yana motsi, sai wani tunani ya zo mini, wanda har yau in na tuna sai in rasa inda hankalina ya tafi. Akwatina yana daf da ƙofa, takardun shaidar karatuna duka suna ciki. Na ce taki ɗaya ne in jawo shi. Hankalin mutane yana kan Kulu, na zagaya na kutsa kai.

Gyalen da ke jikina irin mai santsin nan ne da muke yayi. Ban ko kai ga akwatin ba ya kama da wuta. Bai ci kamar auduga ba, narkewa ya yi ya manne mini a hannu. Na fito da gudu ina kaɗa hannu, ina ƙara hura wutar ban sani ba. Matar mai gidanmu, wadda tun da muka zo ban taɓa ganin ta taka ko zaure ba, ita ce ta fito ba mayafi ba takalmi, ta rafke ni ƙasa, ta lulluɓe ni da jiƙaƙƙen zane, ta yi ta mirgina ni cikin turɓaya har wutar ta mutu.

Takardun sun ƙone ƙurmus. Daga baya na yi 'yar zirga-zirga aka ba ni wasu, suna nan cikin durowa, ba wanda ya taɓa tambayata me ya sa ba na asali ba ne. Hannun kuwa kin gan shi. To ki ji: in kin fita kin fita. Waya, kwamfutar da babanku ya saya miki, takardu, ko me ne ne, ki bar shi ya ci. Wallahi ba wanda zai tambaye ki a gidan nan. In tufafinki suka kama kada ki gudu, ki zube ƙasa ki rufe fuska ki yi ta mirgina. Kuma kada ki tsaya gaban gas da dogon hijabi yana lilo, ki cire ki ɗaura kallabi.

Mata suka ja ni cikin gida, kowa da maganinta. Wata ta fasa mini ɗanyen ƙwai a kan ƙunar, wata ta barbaɗa gishiri, wata ta matso man goge baki, har da mai kawo baƙin mai. Don Allah suka yi, ni ma ina miƙa hannu ina cewa a ƙara. Da aka je asibiti sai da aka kankare duk abin nan daga kan naman kafin a sa magani, kuma azabar kankarewar ta fi ta wutar. Ma'aikaciyar ta ce da ruwa mai sanyi kawai aka yi ta kwarara mini na tsawon lokaci, aka rufe da tsumma mai tsabta aka kawo ni, da tabon bai kai haka ba.

Amma babban kuskuren ba a kaina aka yi shi ba. Ni ce mai ihu, ni ce mai ciwon da ake gani, sai kowa ya taru a kaina. Kulu ta farfaɗo ta zauna, ta sha ruwa. Hancinta da bakinta baƙi, muryarta ta dushe, amma da aka tambaye ta ta ce ba komai, a kula da Balki. Ni kaina na dube ta na ce alhamdulillahi, ke kin tsira. Aka tafi da ni asibiti aka bar ta kwance a ɗakin matar mai gida. Wajen la'asar numfashinta ya fara fito kamar ana busa sarewa, idanunta suka firfito. Kafin a samo mota a kai ta asibiti, a kuma wuce da ita Sakkwato, maƙogwaronta ya kumbura ya kusa rufewa. Likitan ya ce hayaƙin ya ƙona ta ne ta ciki, ya yi ta faɗa, yana tambayar inda aka ajiye ta tun safe.

Duk wanda ya shaƙi hayaƙin gobara, ko yana tafiya da ƙafarsa, ko yana dariya, a kai shi asibiti nan take. In ya ce ba komai kada ki saurare shi. In ke ce, kada ki ce ba komai.

Mahaifin Kulu ya zo daga Bukkuyum, ya biyo ta gadona ya duba ni. Na gaya masa yadda aka yi tun daga hita har kwaɗo, ina jiran ya tsine mini. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, “Ita ta ce ki kulle?” Na ce e. Ya ce, “To ku duka yara ne, mu da muka sake ku ba mu gaya muku komai ba. Allah ya ba ku lafiya.” Ya tashi ya fita. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Kulu ta rayu, amma muryar ba ta dawo ba. Ba ta ƙarasa makaranta ba, domin ba a koyar da aji da raɗa. Ta koma gida ta koyi ɗinki. Ni na gama, na samu aiki, na tsufa ina koyarwa. Ba ta taɓa nuna mini komai ba, ita ta fara yi miki wanka da aka haife ki. Amma har yau in na ɗaga murya a aji don na baya su ji, sai gabana ya faɗi.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce, Inna, a zamanin nan wa ke kwana ba ƙarfe ba kwaɗo? Gaskiyarki. Mu da muke nan mun fi kowa sanin abin da ya sa mutane suka mayar da gidajensu kamar kurkuku, kin ga yadda ake rufe ƙofofi a unguwarmu tun ana sallar isha. Ban ce ki bar ƙofa buɗe ba. Da za a sa ƙarfe a tagogin gidan nan sai da muka yi kwanaki ba ma shiri da babanku, domin na ce sai an yi taga ɗaya a kowane ɗaki wadda ƙarfenta ke buɗewa ta ciki kamar ƙofa. Ya ce mai walda zai yi masa dariya. Na ce ya yi. Wadda ke ɗakinku ita ce kuke ɓuya a jikinta kuna wasa, ba ku san dalilinta ba.

Bello ya ce mini mai gidan da kuke haya yana ɗaure babbar ƙofa da sarƙa in dare ya yi, mabuɗin kuma yana hannun wani mai kula da gidan da ba a nan yake kwana ba. Da na ji haka sai da na zauna. Gida cike da 'yan mata, ɗaki bayan ɗaki, kowace da gas ɗinta, ƙofar fita ɗaya, mabuɗi yana wata unguwa. Na gaya wa babanku, ya ce, “Ke dai kin cika tsoro.” Amma na ji shi daga baya a zaure yana waya da kawunki. Kawunki zai je ya ga mai gidan. Ke kuma ki tara 'yan uwanki ku yi magana da baki ɗaya, a yanka mabuɗi a ajiye a cikin gidan inda kowa ya sani. In ya ƙi, ki gaya mini, za ki tashi daga gidan ko da tsakiyar zangon karatu ne. Ki nemi lambar 'yan kwana-kwana ki sa a waya, ki kuma san sunan unguwar da kwatancen gidan yadda za ki iya faɗa ko kina rawar baki.

Tukunyar gas ɗin nan ku fitar da ita daga inda kuke kwana, ku yi girki a baranda. In kin shigo kin ji warinsa, kada ki kunna fitila, kada ki kyasta ashana don ki duba, ki buɗe ƙofa da taga, ki rufe kan tukunyar, ki fita. In mai ya kama a kasko kina suya, ki kashe gas ki kifa murfi a kai, ruwa ko ɗigo kada ya taɓa shi. Na san ki da turaren wuta, tun kina ƙarama kike satar mini. Kada ki tura kasko ƙarƙashin kayan da kika rataye ki tafi wanka. Maganin sauro mai hayaƙi kuma a faranti ake ɗora shi, nesa da katifa da labule. Waya ba ta kwana kan katifa tana caji. Na san na yi ta jero miki abubuwa kamar mai koyar da 'yan aji ɗaya. Ki yi haƙuri, duk wanda na tuna na kasa barinsa.

Kafin in fara rubutun nan na kira Inna Kulu, domin labarin ba nawa ne ni kaɗai ba. Kin san magana da ita a waya sai an shiga ɗaki an rufe ƙofa an toshe ɗaya kunnen. Na ce mata zan gaya miki komai.  Sannan ta ce, “Ki gaya mata har da nawa.”

Na ce, “Naki wane? Ke da kina kwance ba lafiya?”

Ta ce, “Balki, na ga hitar nan. Ina kwance ina kallo kika ɗora ta kan kwali, na ga ba ki zare ba. Na buɗe baki in yi magana, sai na ga tun asuba kike wahala da ni, ga shi kin makara. Na ce kada in zama mai yawan gyara. Na ce in kin fita ni tashi in zare. Sai barci ya ɗauke ni.”

Shekaru nawa muna tare, ba ta taɓa gaya mini ba sai ranar.  Ita ce ma ta yi ta ba ni haƙuri, tari yana katse ta.

Saƙonta gare ki ke nan, kuma na ga ya fi duk nawa. Za ki zauna da 'ya'yan mutane, za ki ga wata ta bar dutsen guga a jone, wata ta tafi hira ta bar tukunya a kan wuta. Za ki ji nauyin magana, kada a ce ɗiyar malama ta cika iyayi, kada a ce baƙauyar Gummi ta zo tana koya wa mutane zama. Ki faɗa. Ki faɗa da fara'a in ta yiwu, in ba ta yiwu ba ki faɗa haka nan. In sun yi fushi su yi. In kuma ke aka gyara wa, ki ce na gode, ki tashi a lokacin ki zare.

Allah ya tsare ki daga wuta, ta duniya da ta lahira. Ya tsare ki kina barci da kina farke, ya tsare ɗakin da kike kwana da duk wanda ke cikin gidan. Ya sa kada ki taɓa jin warin da na ji a lungun nan. Ya kai ki ƙarshen karatunki lafiya, ya dawo mini da ke da jikinki cikakke da muryarki. Babanku yana sa miki albarka, ƙannenki suna gaishe ki. Ki gaishe mini da abokiyar zamanki, ki ba ta takardar nan ita ma ta karanta.

Wassalam.

Innarki.